Kaset zuwa Laberiya

A 1993 na dawo daga karatu a Bulgeriya da takardar shaida da rakoda. A gidanmu na Rafin Guza, rakodar aka fi yi wa murna.

Yayana Labaran soja ne, shekararsa biyu a Laberiya. Inna ba ta iya rubutu ba, kuma ba ta yarda a rubuta mata. Wani kofur abokinsa zai koma can, motarsa za ta tashi daga tashar Kawo bayan la'asar, ya ce zai tafi da saƙo. Haka ake yi a lokacin: a ɗauki murya a kaset. Guda ɗaya na sayo.

Na ajiye rakodar a kan tabarma. Manya maza suka fara, kamar kullum. Kawu Datti, wan Inna, ya yi sallama da addu'a, sannan ya ce, "Labaran, ku tattara ku dawo. Faɗan wasu ne."

"Haba Alhaji," in ji maƙwabcinmu Malam Yusha'u, ma'aikacin sakateriya. "Gobara a gidan maƙwabci, ka ce ba ruwanka?"

"Wane maƙwabci? Kai da ko Kafanchan ba ka taɓa zuwa ba."

"Ai a rediyo sun ce..."

"Masu rediyon ba su da ɗa a can."

Suna cikin haka gefe ɗaya na kaset ɗin ya cika, na juya. Kawu ya ce, "To ɗan boko, kai me ka gani?"

Na goyi bayan sojoji su zauna. Na kawo tarihi, na kawo misalai daga Turai. Na daɗe. A shekarun nan ina son jin muryata.

Inna tana bakin ƙofa tana tsince shinkafa. Da aka zo kanta ta gyara mayafi, ta matso.

"Labaran, ni ce..."

Rakodar ta yi ƙas, ta tsaya. Kaset ya ƙare, ga ladan yana kiran la'asar. Kawu ya shiga neman takalminsa.

Na mayar da kaset baya zuwa inda na fara magana, na danna jan maɓallin ɗaukar murya.

"Naka fa?" in ji Inna.

"Yi maganarki, Inna."

Ta gaya masa an yaye ɗansa, akuya ta haifi biyu, an gyara rufin ɗakinsa kafin damina. Ta tambaya ko yana samun tuwo. Batun janye soja ko barinsu, ko kalma ba ta ce ba.

Na ari keke na nufi Kawo. Na tarar ana ɗaure kaya a saman motar. Kofur ɗin ya miƙo hannu ta taga, ya sa kaset a aljihun gaba.