Dutsen da ke Saman Gadonmu

Cikin dare muka ji shi. Ba ɓera ba ne, ba kuma faɗuwar wani abu ba. Wani ƙas, ƙas ne a hankali daga silin ɗakinmu, kamar tsoho yana miƙe gwiwa. Tsohuwar matata ta zungure ni da ƙafa.

"Malam, gidan nan fa cizon haƙora yake yi."

Da gari ya waye na ga silin ya yi ciki daidai saman gadonmu, ga tabon lema mai faɗin tire. Na fitar da matata tsakar gida, na kira kafintan bakin layi, muka hau bene.

Mutumin da ke samanmu mai sassaƙa dutse ne, kuma mai zane da fenti, duka a ɗaki ɗaya. Zane-zanen nasa na jingine da bango, wasu ba su bushe ba. A tsakiyar ɗakin ga wani farin dutse da ya kai ƙirjina. Kai da kafaɗu sun fito daga cikinsa, kamar mai tasowa daga ruwa. Fuskar 'yarsa ce da ta rasu shekara uku ke nan. Da ɗan karkacewar leɓenta na gane ta.

Kafinta bai ko kalli fuskar ba. Ya durƙusa ya soka ƙusa a katakon daɓen, ta shige kamar a jiƙaƙƙen sabulu.

"Ruwan me kake zubawa a nan?"

"Dutsen nake jiƙawa in ina aiki. In ba haka ba ƙura ta tashi ta manne wa ɗanyen fenti."

"Tun yaushe?"

"Wata goma sha huɗu."

"Ka ceci fenti, ka dafa katako. Kowa ya koma jikin bango!"

Muka manne da bango kamar ƙadangaru. Daɓen ya ce ƙas.

"A sauke ta da igiya ta taga, yadda aka shigo da dutsen," in ji mai sassaƙa.

Kafinta ya ce, "Taku huɗu ne zuwa tagar, kuma duk ruɓaɓɓe ne. Ka ja shi taku ɗaya, sai dai ka tsince shi a gadon Baba. In kuwa babban katakon ya karye, da bangon maƙwabciyarku mai ɗinki zai tafi, ita da 'ya'yanta. Zan tokare daga ƙasa, amma tokarar ba za ta kai yamma ba. Fasa shi za ka yi a inda yake."

"Jijiyar dutsen a tsaye take," in ji mai sassaƙa, murya can ƙasa. "Duk inda na buga, ta fuska zai tsage."

Na ce, "Ɗana, ai kana da ita a fenti. Ga ta nan har uku."

"Baba, fenti ba shi da ƙeya. Ba a shafa kansa."

Daga tsakar gida muryar mai ɗinki ta taso. "Wai in kwashe yara ne, ko in bar su?"

Can mai sassaƙa ya ce a cire ƙofar ɗakin. Muka shimfiɗa ta a daɓe, ya rarrafa a kai da guduma da kurfi. Ya ɗora tafin hannu a ƙeyar dutsen, ya daɗe. Sannan ya kafa kurfi a tsakiyar kai.

Duk bugu ɗaya, daɓen ya amsa. Ina jin amsar a tafin ƙafata. A bugu na tara dutsen ya buɗe shiru, kamar littafi, daga goshi zuwa haɓa.

Sauran bai ba da wahala ba. Muka yi layi a matakala, gunduwa na bin hannu zuwa hannu. Kafaɗa ce ta zo mini, da sanyinta. Kafin rana ta take, daɓen ya daina magana.

Muka tsaya a tsakar gida, ƙura ta yi mana furfura, kowa da abin da ke hannunsa, ba wanda ya iya ajiyewa a ƙasa. Mai sassaƙa ne ya sauko ƙarshe, hannu wofi. Mai ɗinki na rungume da rabin fuskar, ta lulluɓe shi da gefen mayafinta. Ta dube shi, ta dube mu.

"To, yanzu ina za a kai ta?"