Katin Malam Zayyanu

Shekara shida Zayyanu ya yi a Riyad da ƙafafunsa biyu, kuma a duk tsawon lokacin babu wanda ya taɓa gayyatarsa fita shan iska. Sai da katakon gini ya zame da shi daga hawa na uku a wani aiki a Malaz, ya farka a asibiti daga ƙugu zuwa ƙasa ba ya jin komai, sannan jama'a suka gano ashe mutum ne mai daɗin zama. Ba nan take suka gano ba, sai da katin ya fito.

Kafilinsa, Balaraben da iƙamarsa, wato takardar izinin zamansa, ke hannunsa, mutum ne mai tsoron Allah da tsoron kotu, ba a dai san wanda ya fi nauyi ba. Bai mayar da shi Kano ba. Ya kama masa ɗaki a ƙasan wani tsohon bene a Manfuha, ya ajiye masa keken ɗinki na lantarki wanda aka ɗauke abin takawarsa aka ɗaure a gefen tebur yadda zai danna da gwiwar hannu, ana kawo masa jallabiyoyi daga shago yana rage musu tsawo. Shi ne kuma ya yi ta sintiri a ofis har aka ba da katin naƙasassu: shuɗi, da zanen keken guragu da hoton Zayyanu, irin wanda ake ratayawa a madubin mota a ajiye ta a gurbin bakin ƙofa, cikin inuwa. Zayyanu ba shi da mota. Ofishin bai tambaya ba.

Gali ne ya fara ganin amfanin abin. Bazazzagi ne, direban wani kamfanin kayan abinci, yana kuma da tsohuwar mota tasa da mata da 'ya'ya uku. Ya zo dubiya wata Asabar ta shekarar 2015, ya tarar da katin a kan tebur an ɗora masa kofin shayi.

"Ku Kanawa ba ku san darajar abu ba sai an liƙa masa farashi," in ji shi. "Yaya, a watan Yuli mutum zai iya sayar da ƙanensa a kan inuwar bakin kanti."

"Bazazzagi kam zai iya, ko a watan Janairu," in ji Zayyanu.

Dariyar da ya yi ta ba shi kansa mamaki, don ya kwana biyu bai ji ta ba.

Doka ta ce katin ba ya aiki sai mai shi yana cikin motar, kuma Gali, kamar kowane baƙo mai iƙama, yana girmama doka gwargwadon yadda take kallonsa. Saboda haka kowace Juma'a bayan La'asar sai ya zo ya ciccibi Zayyanu ya sa shi a kujerar gaba, ya naɗe keken ya jefa a but, matarsa Mansura da yara suna baya. Idan an isa kanti sai a rataya kati, a shige gurbin shuɗi kamar motar jakada. Fito da keke wahala ne, kuma ai minti goma ne kawai za a yi. Sai a bar masa mota a kunne da sanyi yana kaɗawa, a tafi awa biyu.

Ta haka Zayyanu ya san manyan kantunan Riyad duka, daga ginshiƙan wurin ajiye motocinsu. Bai taɓa ƙorafi ba, don shi ba kanti ne ya fito da shi ba, hanya ce. Rabin awa na zuwa da rabin awa na dawowa ana Hausa: wa ya yi aure, wa aka kama ba takarda, wa ya ci zaɓe a gida, Mansura tana tambayarsa ko yana cin abinci, yara suna ce masa Ammu, wato baffa, da Larabcinsu. Wannan awa ɗaya ita yake tattalawa ta kai shi mako.

Ba a jima ba wani mai suna Inuwa ma ya shigo layi. Ɗalibin shari'a ne a jami'a, ya ɗauki ranar Asabar, ya kuma zo da hujja: fitar da mara lafiya shan iska aikin lada ne, gurbin bakin ƙofa kuwa wani ɗan kaso ne na ladan da aka gaggauto da shi tun a duniya. Zayyanu ya ce shi bai yi karatu mai zurfi ba, amma ya gamsu.

Kuskuren ya faru ne a watan Disamba, lokacin da zazzaɓi ya kwantar da shi. Gali ya zo ya same shi cikin bargo, ya yi masa sannu da gaske, har da sayo masa lemo, sannan ya tsaya a bakin ƙofa yana juya makullin mota a yatsa. Ya ce yau kaɗai ne, Mansura ta riga ta shirya yara. Zayyanu ya nuna masa tebur. A wajenmu wanda ya ɗauke ka a hannu kamar jariri wata takwas ba ka hana shi aron takarda.

Da yamma Gali ya kira yana dariya har yana shaƙewa. Ya ce mai gadi ya tsayar da shi, ya dubi hoton, ya dube shi, ya ɗaga masa hannu ya wuce. Zayyanu siriri ne mai wushirya, Gali kuwa ƙato ne mai ƙeya biyu, amma a idon mai gadin baƙar fata duk uwa ɗaya ta haife su. Gali ya ƙara da cewa ya ɗan ja ƙafar hagu har bakin ƙofa don kada a ce bai yi nasa ƙoƙarin ba. Zayyanu ma ya yi dariya. Sai da ya ajiye wayar ya fahimci abin da aka gaya masa.

Zazzaɓi ya tafi. Juma'a ta zo ta wuce, Asabar ta bi ta. Ɗan Bangaladash ɗin da ke kawo jallabiyoyi kalma biyu ya sani, sallama da bukra, wato gobe. Wata rana Zayyanu ya tsinci kansa yana yi wa allura faɗa da Hausa don ta karye, ya lura kwana tara ke nan ita kaɗai ya yi wa magana.

Ya kira Gali. Abin da ya shirya faɗa shi ne a zo a ɗauke shi, amma namiji ɗan shekara arba'in da biyar bai san ta inda ake fara wannan ba, sai ya ji bakinsa ya ce yana son katinsa. Gali ya ce ai bai san abin ya kai haka ba, Yaya. Washegari Zayyanu ya ga ambulan an turo ta ƙarƙashin ƙofa. Ba a ƙwanƙwasa ba.

Duk da haka ranar Juma'a ya yi wanka, ya sa farar jallabiya, ya shafa turare, ya tura kekensa bakin ƙofa da katin a cinya. Lissafinsa mai sauƙi ne: kati yana wurinsa, dole su dawo. Ya zauna har aka kira Magariba. Ranar Asabar ya kira Inuwa, wanda karatu ya hana shi ƙarya. Inuwa ya ce akwai wani mai shago a Baɗha da ke da injin ɗab'i mai launi, Gali ya kai masa katin ya fitar da guda uku, an rufe su da roba, ko ofishin ba zai bambance ba.

"Don kada mu riƙa wahalar da kai ne, Malam. Fitar nan tana gajiyar da kai, mun lura."

Zayyanu ya ce Allah ya saka da alheri.

Ya san kira ɗaya zuwa wurin 'yan sandan hanya ya isa a sa Gali da iyalinsa a jirgi. Ya yi tunanin haka sosai, yana rage tsawon jallabiyar wani gajeren Balarabe. Bai kira ba, kuma bai yaudari kansa da cewa tausayi ne kaɗai ba. In aka kore su, ko wanda zai ƙi zuwa ba zai rage masa a garin ba.

Juma'ar da ta biyo baya ya roƙi mai kawo jallabiyoyi ya tsayar masa da tasi. Direban, wani dattijo ɗan Pakistan, ya sa shi a gaba yana huci, ya kai shi kantin da ya ambata. Zayyanu ya miƙa masa katin ya nuna madubi. Suka shige gurbin shuɗi. Direban ya zagaya zai buɗe but, Zayyanu ya ce a bar keken, ba shiga zai yi ba, a dai bar sanyin a kunne. Mutumin ya dube shi, ya ɗaga kafaɗa, ya dawo ya zauna. Can ya ciro waya ya kira wani a ƙasarsu, suka shiga hira mai tsawo da yarensu, da dariya da rantse-rantse. Zayyanu ya jingina kai yana saurare, ba ya jin ko kalma ɗaya, idan direban ya yi dariya shi ma sai ya ɗan murmusa.