Gashin Tomasin a Kan Wata

Ambros Tilni mai yin hular gashi ne a birnin Norwich, kuma a nasa ganin mutumin kirki ne, duk da dai ba a taɓa gwada shi ba sai bana.

Da bazara zazzaɓi ya kwantar da matarsa Tomasin. Likita ya duba ya ce gashin nan ne ke riƙe zafi a kai, a cire shi. Ambros da hannunsa ya yanke: ja wur, har gadon baya, irin launin da matan gari ke mutuwar so tun da aka ce na sarauniya haka yake. Tomasin tana karkarwa ta kama hannun rigarsa.

"Maigida, ka ƙone shi. Kada tsuntsu ya samu ya yi sheƙa."

Kowa ya sani, gashin da aka yanke ba a ƙone ba, mai shi ba ya rabuwa da ciwon kai. Ya ce ya ji. Ya tsaya gaban murhu, har ga Allah da niyyar jefawa. Sai dai shekara ashirin yana sana'ar nan bai taɓa riƙe irinsa ba. Abin da ya shiga wuta jelar doki ce, don a ji ƙauri.

Tomasin ta warke. Matar aure ba ta fita sai da farar hular lilin, saboda haka ba wanda ya san kanta kwal yake. Amma ciwon kai kullum. Duk sanda ta dafe goshi sai Ambros ya tashi ya dafa mata ganye, ya ce ai sauyin iska ne.

Ran Lahadi a coci sai ga uwargida Pell, matar babban dillalin ulu, wadda bara gashinta bai kai na ɓera ba. Yau ga ja wur an naɗe shi a kan waya ya tashi sama, an jera masa duwatsun ado, 'yar hula ta maƙale a ƙeya. Cocin nan da faɗi, amma ba ta ga wurin zama ba sai gaban Ambros da Tomasin. Ambros bai ji kalma ɗaya ta wa'azin ba, ko da yake yana zaton a kansa aka yi.

Sai da suka koma gida Tomasin ta cire hularta ta ajiye.

"Aikin ya yi kyau, maigida."

"Wane aiki?"

"Kai dai gwani ne, amma idonka ya fara tsufa. Furfurar nan uku ta bayan kunnen hagu, da ka tsige. Shekara biyar ina ɓoye su, yau ga su a bainar jama'a."



"Da ka tambaya da na ba ka," in ji ta. "Wata uku kana ɗura min ganye, ka san abin da ke damuna."

"Zan karɓo shi, Tomasin."

"Daga kan matar Pell? Sai dai ka haɗo da kan. Zauna."

Ya zauna. Ta ɗauko almakashinsa na aiki, ta kama gemun nan da yake shafa wa mai kowace safiya yana murza bakinsa ya yi tsini. Sara uku ta gama. Ya nuna mata murhu don ta ƙone, ta wuce shi ta buɗe taga ta watsa.

Kafin ya miƙe, wata 'yar tsuntsuwa ta sauko ta ɗauki rabonta.

Da la'asar kansa ya fara sarawa. Ya je dafa ganye, Tomasin ta ce ya bari, ai sauyin iska ne.