Ɗigo Uku a Ƙarƙashin Motar Izzuddeen

Motar ta kai Nazifa gidan mahaifiyarta a Argungu lafiya, birkinta na kamawa. Izzuddeen, mijinta, shi ya tuƙa daga Birnin Kebbi a ƙarshen daminar 1992, shekara guda bayan an yanke sabuwar jiha an dawo da shi aiki daga Sakkwato. Cikin fari ne da ita, ya tsufa, kuma bisa al'ada a gaban uwarta za ta haihu. Saura kaɗan ya ɗauke ta a motar da birkinta ke tsiyaya bai sani ba.

Tsohuwar mota ce da ya saya daga Kwatano, fara, irin mai sauya giya da kanta. Tun ranar da ta shigo gidansu na unguwar Gesse yake ganinta kamar jirgin ruwa. Idan ya zauna a ciki da la'asar bai tayar da ita ba, sai ya ji kamar tana lilo a hankali, kamar farfajiyar gidan ta cika da ruwan fadama har wuyan taya. Amma idan ya tuƙa ta, wani ƙauri kan shigo ta taga, kuma duk lokacin da ya zaro sandar awon mai sai ya ga baƙin mai ya ragu.

Ya kai ta wurin Hodi, bakaniken da ke ƙarƙashin wata bishiya a unguwar Nassarawa. Hodi ya buɗe murfin inji, ya shafa gefensa da yatsa, ya shinshina.

"Gaskit ɗin sama ya gaji, Malam. Mai na zuba bisa ƙarfe mai zahi, shi ne ƙaurin da kaka ji."

Ya sauya gaskit ɗin, robar da ke toshe bakin murfin inji, ya wanke injin da kananzir. Izzuddeen ya tambaye shi ko shi ke nan.

"Wanga dai na gani. Sauran ban sani ba." Hodi ya nuna ƙasan garejin, baƙi ƙirin da man shekaru. "Nan ko jini mota taz zubar ba ka ganewa. Ka duba inda take kwana. Mota ba ta ɓoye ma ƙasar gidanta komi."

Izzuddeen ya riƙa dubawa. Kullum in ya dawo masallaci gari ya waye, sai ya durƙusa ya leƙa. Yashi fes, an yayyafa masa ruwa, sawun tsintsiya a jere kamar igiyar ruwa a bakin gulbi. Yakan daɗe yana kallon layukan har ya manta abin da yake nema. Ya koma ya ce wa Hodi babu komai.

Ana gobe tafiya, da yamma, yana zaune a kan tabarma kusa da motar. Nazifa na jingine da bango tana ninke zannuwa a cikin akwati. Ya ce mata hankalinsa ya kwanta, tun da aka gyara ko ɗigo ɗaya bai gani ba.

"Baƙin dai ya daina, Malam," ta ce, ba ta ɗago ba.

"Baƙin? Akwai wani?"

"Awo. Akwai farin, can wajen tayar baya."

"Ina kika gane shi? Ni kullum ina dubawa."

Ta yi dariya, ta dafa cikinta. "Kana dubawa bayan na share. Inna ta ce mai ciki ta yi ta shara, haihuwa na zuwa da sauƙi. Kai kuma ba ka ce a bar maka dattin mota ba."

Bai taɓa tunanin sharar ba, kamar yadda bai taɓa tunanin fitowar rana ba.

"Ƙila ruwa ne," ya ce.

"Ruwa na bushewa. Wanga ba ya bushewa. Yana dunƙule yashi, in na taɓa yana da santsi, kuma tururuwa na kewaye shi." Ta ninke wani zane. "Sai jan. Kamar zoɓo. Shi ba kullum ba, sai ranar da ka yi tahiya mai nisa. A tsakiyar mota yake sauka."

Washegari ya hana a taɓa tsintsiya. Ya durƙusa kafin rana ta fito sosai, ga shi kuwa: tabo ƙarami a cikin tayar baya ta hagu, ba launi, yana ƙyalli. Ya tara yashin a tafin hannu, ya tuƙa a hankali zuwa Nassarawa.

Hodi ya murza yashin, ya daina murmushi. Ya ɗaga motar da jak, ya cire tayar. Cikinta a jiƙe. Ya buɗe ɗan kofin man birki da ke gaba, man ya kusa ƙasa.

"Robar birki ta ci. Wa ya gano shi?"

"Mai ɗakina."

"To ka sai mata tsire. Da kun kai gada ka taka, ƙafarka za ta shige har ƙasa."

Ya sa sabuwar roba, ya cika kofin, ya sa Izzuddeen ya yi ta taka birki yana saki har iska ta fita, birkin ya yi tauri. Sannan ya shiga ƙarƙashin motar neman jan. Man giya ne, ya ce, ba wani mai ja a irin wannan mota sai shi. Ya bi bututu da hannu, ya goge ƙasan giyar da tsumma, ya jira. Tsumman ya fito da ƙura kawai. Ya auna man, yana nan cif.

"Ban gane shi ba, Malam. Giya in ta yi ciwo tsayawa za ku yi, ba faɗuwa ba. Ku tahi sannu. In ya hito, kada a share."

Bayan azahar suka kama hanya. Da suka wuce Ambursa, fadama ta buɗe dama da hagu, ruwa kwance a cikin shinkafa, sararin sama a cikin ruwan. Nazifa ta yi barci, kanta a jikin gilashi. Izzuddeen ya ji kamar tayoyin sun daina taɓa kwalta. Wani masunci a tsaye cikin jirginsa ya bi su a gefe na ɗan lokaci, kamar tafiyarsu ɗaya. Izzuddeen ya tuna cewa mai jirgi tsoron abin da ke shigowa yake yi, shi kuwa abin da ke fita. Garken shanu ya hau titi. Ya taka birki, motar ta tsaya, Nazifa ba ta ko motsa ba.

A Argungu, Inna Maryamu ta tarbi ɗiyarta a soro. Bayan gaisuwa, Izzuddeen ya sunkuyar da kai ya roƙe ta kada a share ƙofar gida da safe.

"Ikon Allah," in ji Inna. "Suruki ya kawo min haihuwa, ya hana ni shara."

Da gari ya waye ya janye motar baya kaɗan. Wajen taya babu komai. A tsakiya, kan farin yashi, ga ɗigo ja guda, bai fi ƙwayar gero biyu ba. Ya zaro sandar awon man giya. Yana nan cif.

Nazifa ba ta haihu ba tukuna. A wannan motar zai dawo ɗaukar ta da jariri bayan ta gama wanka. Da Izzuddeen ya koma Birnin Kebbi, Hodi ya sake shiga ƙarƙashin motar, har yanzu bai ga inda jan man yake fitowa ba.