Gidan Kifi Na Takwas

Sau uku ke nan a jere Delbert Tidwell yana isa kan gidan kifinsa ya tarar jirgin Royce Gaither ya riga shi. Na farko ya ce sa'a ce. Na biyu, ranar ko abincin rana bai iya ci ba. Na uku kuwa, da Royce ya ɗago masa hannu yana washe baki, ga ƙaton kifin bas yana lilo a ɗaya hannun, Delbert ya tabbatar wa kansa akwai mai sayar da shi.

Gidan kifi ba ginin kowa ba ne sai mai wahala. Kowace Janairu, idan mutanen gari sun gama Kirsimeti sun jibge itatuwan da suka yi adon bikin da su a bakin titi, Delbert da abokinsa Hoyt Crenshaw sukan bi layi-layi su kwashe. Su ɗaura musu bulon siminti, su fita tafki cikin sanyin da ke fasa leɓe, su nutsar da su a wuraren da ba wanda ya sani. Idan zafi ya shigo, bas sun gama zuba ƙwai a bakin gaɓa, sai su gangara ruwa mai zurfi su laɓe cikin rassan. Mai gida ya zo ya kwashi rabonsa. Gida bakwai suka nutsar a bana, kuma duk duniya mutum biyu ne suka san inda suke.

Shekara ashirin da shida suna jirgi ɗaya a gasar ƙungiyar garinsu, tun suna aiki a kamfanin takarda. Ƙa'idar ba ta canja ba: mutum biyu a jirgi, kifi biyar mafi nauyi, a auna su da rai a mayar da su ruwa.

"Na faɗa maka, tsoho," in ji Hoyt daga bayan jirgi, yana gyara tanar roba a ƙugiya. "Wannan sabuwar na'urar da ya ɗaura a goshin jirginsa ce. Tana hango itace daga nisan ƙafa ɗari. Kifi ko atishawa ya yi sai ta nuna."

"Tafki mai girman gari guda, a ce na'ura ce ta kawo shi daidai kan nawa har sau uku?"

"Namu dai."

"To, namu."

"Ka sayi irinta mana. Kai da kuɗi sai ka ce an ɗinke maka aljihu."

Delbert bai yi dariya ba. Abin da ya tsaya masa a rai shi ne saurin amsar. Mutum bai riga ya rufe baki ba, an tanadar masa bayani.

Daga ranar ya fara tattara hujja, kuma mai neman hujja a kan abokinsa ba ya rasawa. Hoyt da Royce coci ɗaya suke zuwa, har suna waƙa a layi ɗaya. An gan su ranar Talata a shagon sayar da kayan kamun kifi suna shan kofi, kawunansu a haɗe. Ga sabuwar sandar fatsa a hannun Hoyt, mai tsada, ya ce wai 'yarsa ce ta aiko masa daga birnin Mobile. Yarinyar da ko waya ba ta cika bugowa ba. Har rahoton da ake karantawa a rediyo kowace Asabar, wanda bai wuce a ce ruwa ya yi ɗumi, a nemi bas a zurfin ƙafa goma sha biyar zuwa ashirin da baƙar tana a ja ta a hankali, Delbert ya koma sauraronsa da kunne biyu, ko zai ji an ambaci wani lungu nasa.

Matarsa Lurleen ce ta fara gajiya.

"Hoyt fa kake magana," ta ce, tana juya masa ƙwai a kasko. "Hoyt da ya kwana uku a asibiti lokacin da aka yi maka aikin zuciya."

"Ban ce shi ne ba."

"Ba ka ce ba, amma tun jiya kake tauna sunansa kamar guzuma. A kan me? Kifin da za ku auna ku sake shi? Kofin gasa na roba da za ka ajiye mini in riƙa gogewa?"

"Ba ki gane ba ne."

"Na gode wa Allah da ban gane ba. Ci abincinka."

Gaskiya ne ba ta gane ba. Shi ba kofin ne ya dame shi ba. Abin da ke cin ransa shi ne ya zauna awa takwas a jirgi ya juya wa mutum baya, bai sani ba ko mutumin yana yi masa dariya a ciki. Ya fi son ya sani, ko da sanin zai raba su.

Sai ya haɗa tarko. A farkon Yuni, shi da Hoyt suna wanke jirgi a ƙofar gidansa, ya rage murya duk da ba kowa a layin.

"Akwai abin da ban faɗa maka ba. Na nutsar da na takwas a Fabrairu, ni kaɗai."

Hoyt ya ajiye soso. "Kai kaɗai? Da wannan zuciyar taka?"

"A bakin Rafin Sugar, inda tsohuwar hanya ta nutse. Ka daidaita tankin ruwan gari da jan rumfar jirgin nan, zurfin ƙafa goma sha takwas. Itace shida. Na ajiye shi ne don gasar ƙarshen wata. Kada ka faɗa wa kowa."

"Wa zan faɗa wa, kare na?"

Ba itace ko ɗaya a bakin Rafin Sugar. Laka ce shimfiɗe kamar faranti. Lissafin Delbert mai sauƙi ne: idan ya ga jirgin Royce yana shawagi a kan wannan fili, to, magana ta ƙare.

Mako uku yana hawa tudun da ke kallon rafin da tabarau mai hangen nesa, yana fakewa da cewa ya fita sayen ƙusa. Ya ga masu wasan tseren ruwa. Ya ga wata tsohuwa da jikokinta suna kamun ƙananan kifi. Bai ga Royce ba. Wani zai ce ai sai hankali ya kwanta, amma ba Delbert ba. Shi cewa ya yi Royce wayo ne da shi, ba zai taɓa wurin ba sai ranar gasa. Ranakun Laraba ne kaɗai bai hau tudun ba, don yakan kai Lurleen ganin likita a birni, kuma har wannan ma ya riƙa ƙullatar ta a zuci.

Ranar gasa jirgi talatin da ɗaya suka tashi da fitowar rana. Zafi ya sauko tun kafin ƙarfe tara, iska ta ɗauke, ruwa ya kwanta lumui. Gidansu na farko ya ba su kifi biyu, ƙanana, da ƙyar suka cika tsawon da doka ta yarda. Na biyu bai ba su komai ba. Da suka zagayo na uku, ga Royce da abokin tafiyarsa sun kafa jirgi.

"Delbert!" Royce ya ƙwala kira. "Wa ya ga tsofaffi! Ku zo in ara muku ɗaya mana, kada ku je wurin awo da jaka a bushe."

Delbert ya juya jirgi. Ya bi ta gaban Rafin Sugar da gangan, yana satar kallo. Ba kowa. Ƙarfe goma sha ɗaya ya sake bi. Ba kowa.

"Wai me muke jira?" in ji Hoyt, yana share gumi da hularsa. "Sau biyu kana wuce shi kamar mai bikon mace. Mu je na takwas."

"Da sauran lokaci."

"Wane lokaci? Kifi biyu gare mu, ƙarfe uku ake awo. Ka ce don yau ka ajiye shi."

Nan Delbert ya sha jinin jikinsa. Duk lissafin da ya yi, bai taɓa kawo wa ransa cewa Royce ba zai zo ba, shi kuma a ce ya kai mutum gidan da babu shi. Ya nemi dalili ya rasa. Ya tada inji, yana shirya ƙaryar da zai yi: ruwan bazara ya tafi da shi, ko igiya ta tsinke.

Ya daidaita tankin ruwa da jan rumfa, ya rage gudu, ya dubi tsohon allon da ke nuna masa ƙasan ruwa don kawai a ce ya duba. Sai ya ga layin ƙasa ya tashi. Wani tudu baƙi ƙirin ya fito a allo, tsayinsa ya kai ƙafa bakwai, da ɗige-ɗigen kifi a kansa da gefensa.

"Ga shi nan," in ji Hoyt. "Jefa, me kake kallo?"

Jifan farko Hoyt ya ɗago kifi mai nauyin laba huɗu. Delbert ya jefa kamar wanda ake tuƙawa, tanar ba ta kai ƙasa ba aka fizge ta. Cikin minti arba'in sun cika biyar, har sun fara sakin ƙananan suna musanyawa da manya. Hoyt yana ta ihu yana buga gefen jirgi. Shi kuwa Delbert kansa ya ɗaure tamau. Wa ya nutsar da wannan? Ko na Royce ne, Hoyt ya sani, suka haɗa baki su mayar da shi abin dariya a wurin awo? Ko so ake a ce ya saci gidan wani?

Sai ƙugiyarsa ta maƙale. Ya ja, ya ja, wani reshe ya ɓalle ya taso. Ya kamo shi ya juya a hannu. Ganyen shar yake, kore, ko gansakuka bai gama kama shi ba, kuma saran da ke gindinsa fari ne tas. Itacen da ya yi wata huɗu a ruwa ba ya zama haka.

Ya juya. "Hoyt. Wannan bai fi sati biyu a ruwa ba."

Hoyt ya daina naɗe zare. Ya zauna a kan akwatin ƙanƙara.

"Ban so ka gani ba," ya ce. "Larabar da ta biyo bayan maganarmu na zo in duba shi. Na bi wurin nan sama da sau ashirin, Del. Ba komai. Ko tsinke."

Delbert ya sake juya reshen a hannunsa.

"Na zauna a nan ina tuna babanka. Haka mantuwarsa ta fara. Ka tuna ranar da ya rantse ya shuka masara a gonar baya, muka je muka tarar da ciyawa? Yadda ya tsaya yana kallonmu?" Ya yi gyaran murya. "Na ce ba za a yi maka haka a gabana ba. Na sari itace shida a bayan gidana. Laraba biyu ina jigila, ni kaɗai, bayana har yanzu bai dawo daidai ba. Ban faɗa wa kowa ba, ko Lurleen. Amma tunda ka gani, ka je ka ga likita, don Allah. Zan raka ka."

Kunya ta rufe Delbert tun daga ƙafa har ka, irin wadda bai taɓa ji ba a shekarunsa sittin da takwas. Gaskiyar tana nan a bakinsa, kalma kaɗan ce: ban manta ba, gwada ka na yi. Ya dubi mutumin da ke zaune a gabansa, ya ga idanunsa sun yi ja saboda tausayinsa. Ya san idan ya faɗa, Hoyt ba zai yi faɗa ba. Zai taya shi kai kifi wurin awo, ya kwashe sandunansa, shi ke nan.

"Kwana biyun nan," Delbert ya ce a hankali, "kaina ba daidai yake ba."

Hoyt ya gyaɗa kai, ya taso ya dafa kafaɗarsa. Sannan ya dubi agogo.

"Biyu da kwata. Matsa can, tsoho, ni zan tuƙa. Ka huta."

Tun da Delbert ya sayi jirgin nan ba wanda ya taɓa riƙe masa sitiyari. Ya tashi ya koma ɗaya kujerar, ya zauna da reshen a kan cinyarsa, Hoyt ya tada inji.