An Kwashe Kayan Balkisu

Kan gadon ya sake dukan bangon matakala, Balkisu ta runtse ido kamar ita aka buga.

"Don Allah ku bi shi a hankali," ta ce da masu ɗaukar kayan. Ko waiwaye ba su yi ba. Su dai an ce su sauko da komai daga bene su loda a a-kori-kurar da ke bakin titi, kuma rana ta fara zafi, ranar Sakkwato da ba ta san wasa ba.

Tun farkon watan ake gyaran gidan. An kankare koren fenti an shafa wani mai ruwan madara, an cire labulen karan-miski an rataya wani yadi sakayau mai ruwan ƙasa. Mijinta Zayyanu, injiniya a kamfanin siminti na Kalambaina, shi ya ga irin wannan tsari a waya ya ce shi ma sai an yi masa. Ya ɗauko wata mai tsara ɗakuna, Khairiyya, yarinya mai fara'a da zaƙin murya, wadda ba ta da magana sai guda ɗaya: gida yana son ya sha iska. To, yau iskar za ta shigo, kayan Balkisu za su fita.

Kayan ɗakinta ne fa. Gado, sif, madubi, kujeru, da kabad mai gilashi cike da tangaran. Mahaifinta, Malam Illo, manomin shinkafa a fadamar Kwalkwalawa, shi ya yi mata su lokacin aurenta. Shinkafar damina biyu ta tafi a kansu, har da bijimin huɗarsa. Ranar jere matan dangin Zayyanu sun zo da niyyar raina 'yar ƙauye, suka koma bakinsu a rufe. Da kayan nan ta shigo gidan kanta a sama.

Da Zayyanu ya kawo mata zancen gyara, cewa ta yi, "Duk yadda ka gani." Haka aka koya mata ta ce. Ita ta ɗauka za a canza fenti ne.

"Baban Gazali," ta ce, ta iske shi a falo yana duba sabuwar kujera, "kabad ɗin dai a bar mini. Ko a lungun can ne."

"Haba Balkisu, kin ga inda zai zauna a nan?"

Khairiyya ta yi murmushi. "Anti, wallahi yana shiga ɗakin zai cushe. Ki duba yadda ido ke hutawa yanzu."

Balkisu ta duba. Doguwar kujera ɗaya mai ruwan toka, ɗan teburin katako, tabarmar kaba da aka manna a bango kamar hoton wani babban mutum, sai tulu a kusurwa da busasshiyar ciyawa a bakinsa. Irin ciyawar da suke ba awaki a gida. Abin da aka yi wata guda ana ƙura a kansa ke nan.

"Ina za a kai su ma tukuna?"

Zayyanu ya sosa ƙeya. "Akwai wani dillali a kasuwa. Abin da aka samu naki ne, ai ban ce zan taɓa ba."

Ranta ya ɓaci ƙwarai. Amma ga baƙuwa tsaye, ga ma'aikata suna shige da fice, sai ta haɗiye. Ta je ta fara kwashe tangaran tana naɗe su da tsofaffin zannuwa.

Tana saukowa da kwali ta ci karo da maƙwabciyarta Martha, malamar firamare da ke hawa na ƙasa. Martha ta kama hannunta ta ja ta gefe, idonta har ya kawo ruwa.

"Maman Gazali, sai haƙuri. Yaran fa, da su za ki tafi?"

"Tafi ina?"

Martha ta dubi motar, ta dubi gadon da ke ɗaure a kai ƙafafu sama. Sai a lokacin Balkisu ta ga abin da duk layin ke gani tun safe. A garin nan ba a loda gadon mace a mota da rana tsaka sai aure ya mutu. Ga mai shago ya bar ciniki ya tsaya kallo, ga mata suna leƙe ta tagogi.

"Gyara ne kawai muke yi," ta ce, tana dariyar da ba ta kai ciki ba.

"Oho, gyara," in ji Martha, da muryar wadda ta yarda don kunya.

Magana kuwa ba ta jiran mota. Wata 'yar uwar su Balkisu ta Unguwar Rogo ta wuce a kabu-kabu ta gane kabad ɗin, ta buga waya gida. Ana idar da azahar sai ga Malam Illo a bakin ƙofa, laka busasshiya a ƙafar wandonsa, yana haki saboda hawan bene. Daga gona ya taho, ko riga bai canza ba.

Zayyanu ya zube yana gaisuwa. Tsohon bai amsa ba, 'yarsa yake nema da ido.

"Balkisu, mi yaf faru? Saki nawa ne?"

"Subhanallahi! Baba, ba saki," in ji Zayyanu. "Wallahi lafiya lau muke. Gyaran gida ne, irin na zamani."

"Ke nika tambaya."

"Gaskiya ya faɗa, Baba. Ba abin da ya faru."

Malam Illo ya sauke ajiyar zuciya. Ya nemi inda zai zauna, ya dubi kujerar nan mai ruwan toka, ya dubi wandonsa, sai ya zauna a ƙasa. Ya bi ɗakin da kallo a hankali, bango zuwa bango. Ƙishirwa ta dame shi, ya miƙa hannu ya jawo tulun nan ya leƙa ciki.

"Ba ruwa?"

"Na ado ne, Baba," Khairiyya ta ce a ladabce.

Ya mayar da shi inda yake, ya gyara masa ciyawarsa. Balkisu ta kawo ruwa a kofi, ta durƙusa, ta kasa ɗaga kai.

"To a wanga ɗaki," ya ce bayan ya sha, "wanne ne naki?"

Balkisu ta ɗaga kai. Ta duba kujera, ta duba labule, ta duba tabarmar bango. Ko cokali babu nata.

"Baba, ai duk nata ne," Zayyanu ya yi sauri ya ce. "Ita da yara na yi wa."

"Awo. Naka ne ka ba ta aro." Bai ɗaga murya ba. "Ni da na saida bijimina, ba don in burge danginka na yi ba, Zayyanu. Don in ɗiyata ta zauna, ta zauna bisa abinta. In ta yi hushi ta kwanta, gadon ubanta ta kwanta. Ina anka nufa da su?"

Zayyanu ya yi ƙasa da kai. Balkisu ce ta amsa, a hankali. "Wurin dillali."

Tsohon ya ajiye kofin. Sannan ya dafa gwiwa ya miƙe.

"Kayan ɗiyata ba su zuwa kasuwa."

Suka bi shi har ƙasa. Ya yi magana da direban, ya ce Kwalkwalawa za a nufa. Zayyanu yana ta ba da haƙuri, yana cewa a sauke a mayar, ko kabad ɗin kaɗai ne. Amma yana faɗa yana satar kallon tagar bene, kuma Balkisu ta ga kallon. Malam Illo ma ya gani.

"Bar shi. Ɗakinka ya sha iska."

Balkisu ta matso jikin motar. "Baba, in aka shiga gari da kayan nan, kowa cewa zai yi an sako ni. Inna fa? Da wane baki za ta yi bayani?"

"Su ce. Ni ma hakanan na taho ina cewa." Ya hau gaban motar, ya ja ƙofar da ƙyar ta rufu. Ya dube ta ta taga, sai ta ga idonsa ya yi ja. "Mu abin da munka sani, in mace ta bar gida ake kwashe kayanta. Ke an kwashe kayan an bar ki. Wanga ban san sunanshi ba."

Motar ta tashi, madubin sif yana walƙiya da rana har suka sha kwana. Matan tagogi suka saki labule ɗaya bayan ɗaya.

Ta hau benen a hankali. A falo ta iske Khairiyya ta shimfiɗa sabon kafet, ta kunna wasu fitilu masu haske ruwan zuma, ko da yake rana ce. Ba laifi, ɗakin ya yi kyau, wannan ma shi ya fi ba ta haushi. Zayyanu yana tsaye bayan yarinyar, fuskarsa ta fara sakewa. Balkisu ta tsaya tsakar ɗakin cikin atamfarta mai ja da kore, ta rasa inda za ta sa kanta.

Khairiyya ta ɗaga waya za ta ɗauki hoto, ta sauke.

"Anti, yi haƙuri, ɗan matsa kaɗan. Atamfar tana ɓata kalar."

Balkisu ta dubi mijinta. Wayar yake kallo.

Ta matsa.

"Ƙara dai, Anti, har yanzu kina fitowa."

Ta ƙara ja da baya, ta ƙara, har dugaduganta suka taka simintin waje, daidai inda gadon ya ɓantare bango da safe.

"Yawwa!" ta jiyo Khairiyya daga ciki. "Yallaɓai zo ka gani. Yanzu ɗakin ya fito."