Kwamfutar Akawu da Kusoshin Mai Agogo

Akawu ta dawo daga asibiti duba ƙanwarta, ta tarar da teburinta wayam, babu kwamfuta. Akawu suna ne da unguwa ta laƙaba mata, don sana'arta buga wa mutane takardu a ɗakin gaba na gidansu. A inda tsohuwar kwamfutar take zama an ajiye wani abu siriri mai walƙiya, kamar faranti. Mijinta, Mai Agogo, yana bakin ƙofa yana washe baki, jiran godiya yake yi.

"Maigida, ina kwamfutata?"

"Na yi miki musaya da ita, Maman yara. Wannan ta hannu ce, ta zamani, da yatsa ake shafa ta. Mai shagon ya ce tsarinsu ɗaya da manyan, kuma ya kwashe miki komai ya zuba a ciki."

A cikin tsohuwar kwamfutar akwai littafin Malam Tsoho, wani tsohon malamin makaranta da idonsa ya mutu. Ya daɗe yana zuwa ya zauna a kujerar gefenta, yana faɗar tarihin rayuwarsa tana bugawa. Littafin ba ya kan takarda ko ɗaya, ba shi da kwafi a ko'ina, kuma saura babi na ƙarshe. Ga shi tsohon ya fara mantuwa, abin da ya faɗa bara ba zai iya maimaita shi bana ba.

Ta kunna farantin. Wasu 'yan akwatuna kala-kala suka cika fuskarsa, suna ta juyawa kamar suna yi mata gwalo. Maɓallin nan na kusurwar ƙasa, inda hannunta ke zuwa ko idonta a rufe, an cire shi. Ta shafa hagu, ta shafa dama, ta ga hotunan yara, ta ga waƙoƙi, littafi kuwa babu alamarsa. Ta nemi ɗora manhajar da take bugu da ita, farantin ya ce shi ba ya karɓar komai sai abin da ya fito daga kasuwarsa ta manhajoji. Ashe suna ne kawai irin na manya, an yanke masa hannu da ƙafa.

"Littafin Malam ba ya ciki. Don Allah faɗa min shagon in je yanzu, kafin su taɓa ta."

"Yana ciki, nema ne ba ki iya ba," in ji shi, fuskarsa ta fara canzawa. "In faɗa miki shago ki je ki kunyata ni a kasuwa? Ku dai ba ku son ci gaba. Ki yi haƙuri, za ki saba."

Ta roƙe shi da safe, ta roƙe shi da yamma, ya yi kunnen uwar shegu. Kai, mutum ya yi ɓarna kuma ya tsaya jiran a gode masa! Abin ya ci ta ƙwarai. Daga nan ta daina roƙo, ta koma fara'a, shi kuwa sakarai ya ɗauka ta sauko.

Shagonsa na gyaran agogo yana jikin gidan. Tun yana saurayi yake tara 'yan kusoshi da sifirin, wato 'yan murɗaɗɗun wayoyin ciki, da hannuwan agogo, wasu tuni an daina ƙera irinsu. Kowane iri da durowarsa, kuma babu rubutu a jikin ko ɗaya, don hannunsa ya san gidan kowa. Zai maƙala gilashi a ido, kansa a sunkuye, ya miƙa hannu baya ya zaro abin da yake so.

Ranar da ya fita sayo batir, Akawu ta ɗauki makulli ta shiga. Ta zazzage durowoyin nan kaf a cikin babbar kwalba guda, ta girgiza ta sosai, ta kai ɗaki ta ɓoye tare da gilashinsa da hantsakinsa. Durowoyin ta fitar da su bayan gida. Ta jera masa robobi ja da kore da ruwan ɗorawa a kan tebur, fanko, gwanin sha'awa. Ta ajiye masa sabon sukundireba mai ƙyalli, wanda bakinsa ba zai shiga kusar agogo ko ɗaya ba. Ta juya teburin ya fuskanci bango, ta share wurin tas, ta tsaya a ƙofa tana murmushi.

Da ya dawo sai ya yi turus. Ya miƙa hannu inda durowa take, ya damƙo iska.

"Innalillahi! Wa ya yi min wannan aika-aikar?"

"Ni ce, Maigida. Na ga shagon ya tsufa, na mai da maka shi na zamani. Bai yi kyau ba?"

"Ina kusoshina? Akwai agogunan mutane a buɗe!"

"Suna nan, nema ne ba ka iya ba. Za ka saba."

Ya yi tsalle, ya yi rantsuwa, ya kira sunan iyayenta, ko gezau ba ta yi ba. Wani da ya kawo gyara ya zo karɓar agogonsa, ya ga kayan cikin agogon a warwatse, ya wanke Mai Agogo da zagi a gaban maƙwabta. Akawu tana ji daga ɗakinta, kuma wallahi daɗi ta ji har cikin ranta.

Da ya ga babu sarki sai Allah, ya zo ya tsaya a gaban teburinta, murya ƙasa-ƙasa.

"Me kike so?"

"Kwamfutata, yadda ka ɗauke ta. Ka kawo, in ba ka kusoshinka, suna cikin kwalba. Tsince su ma zan taya ka."

Ya fita da sauri ko hula bai ɗauka ba. Ita kuwa ta ɗauko kwalbar ta ajiye a gefe, ta goge teburin, ta zauna jira. Can sai ga shi ya dawo rungume da tsohuwar kwamfutar, yana haki. Ta jona wayoyin da kanta, ta danna, fankar ciki ta yi ƙugin da ta saba ji, har hawaye ya taru mata.

Fuskar ta haska. 'Yan akwatuna ne kala-kala, suna juyawa.

"Mai shagon ya ce... ya riga ya goge ta," in ji Mai Agogo, yana kallon ƙasa. "Wai ba ta sayuwa da tsohon tsari, shi ne ya ɗora mata sabo. Jiya-jiyan nan ya yi."

Jiya. Tana roƙonsa tun kafin jiya. Ta duba duk da haka, lungu da saƙo, babu ko layi ɗaya.

Ba ta yi ihu ba. Ta ɗauki kwalbar ta wuce wurin wanke-wanke, yana biye da ita yana "Maman yara, tsaya, don girman Allah tsaya." Ta buɗe murfin, ta tuntsurar da ita a bakin magudana, ta saki famfo. Kusoshin suka bi ruwa suka tafi. Ya durƙusa yana tarewa da tafin hannu, bai samu komai ba sai 'yan ƙwayoyi da suka maƙale masa a yatsu. Ba ta ji tausayinsa ba ko kaɗan.

Sai aka yi sallama a ƙofar gaba, da ƙarar sanda tana laluben dakali. Akawu ta wanke fuska, ta je ta kamo hannun Malam Tsoho ta zaunar da shi a kujerarsa. Ya jingine sandar, ya gyara zama, fuskarsa cike da murna.

"'Yata, yau za mu ƙarasa in Allah ya so," ya ce. "Karanto min daga farko tukuna, na manta yadda na soma."